Littafin aiki: neman mai riƙe da hotunan da aka rufe

3 ga Fabrairu

Manhajar duba hotunan ta tsaya da ƙafarta. Tana buɗe folda, ta jera ƙananan hotuna a gefe, in ka danna ɗaya ya buɗe a tagarsa, ka juya shi, ka yanke gefe, ka ajiye. Python 3.11 ne, Tkinter ke zana fuska, Pillow ke aikin hotuna. Abu ɗaya ya hana ni sakin ta: memori yana hawa, ba ya sauka. Ka buɗe hoto ya hau, ka rufe ya tsaya inda yake.

Hoto mai faɗin 4000 da tsawon 3000 yana da ɗigo miliyan 12. Pillow yana ba kowane ɗigo bayit 4 ko da hoton RGB ne, wato megabayit 48, alhali fayil ɗin JPEG ɗinsa bai wuce 'yan megabayit ba. Hoto 20 da suka ƙi fita sun cinye megabayit 960.

A CPython, wato Python ɗin da aka fi amfani da shi, kowane abu yana ɗauke da ƙidayar masu riƙe da shi. Ƙidayar na faɗowa sifili, nan take a rushe shi a karɓe wurinsa. Dabarar ta daɗe, George Collins ya bayyana ta tun 1960, shekarar da John McCarthy ya wallafa bayanin harshen Lisp da mai kwashe shararsa, wato ɓangaren da ke share abin da ba a buƙata daga memori. Ke nan in taga ta rufe hoto bai tafi ba, akwai wanda bai sake shi ba. Na dakatar da ƙara duk wani sabon abu sai na gano ko wane ne.

5 ga Fabrairu

`tracemalloc`, ma'aunin memori na Python, bai taimaka ba. Ya jero ƙananan abubuwa barkatai, hotunan kuwa ko ɗaya bai gani ba, domin Pillow a ɓangaren C yake karɓar wurin ɗigogin, ba ta hannun Python ba.

Sai na yi ma'aunin kaina. `WeakSet` guda biyu, wato jeri mai riƙo da rauni, ɗaya na `Hoto`, ɗaya na `TagarHoto`, kowane sabon abu ya saka kansa ciki tun daga `__init__`. Riƙo mai rauni yana ba ka hanyar kai wa ga abu ba tare da ya ƙara masa ƙidaya ba, abin na mutuwa sai ya ɓace daga jerin da kansa. Da `set` na yau da kullum na yi amfani, da ma'aunin ne zai zama sabon yoyo.

Gwaji: buɗe 20, rufe 20, kira `gc.collect()` don tayar da mai kwashe shara, ƙirga. Tagogi 20 da rai, hotuna 20 da rai. Tunda mai kwashe shara ya zagaya bai ɗauki komai ba, ba riƙon juna ba ne kawai; akwai igiya daga wani abu mai rai har zuwa gare su.

Tunatarwa: kada a yi wannan gwajin a tagar hira ta Python. `_` yana riƙe da abin da aka buga na ƙarshe, sai ƙidaya ta fito da ƙarin ɗaya ka yi ta neman abin da babu.

7 ga Fabrairu

Mayar da gwajin zuwa fayil mai gudu da kansa. Ba wani abu.

10 ga Fabrairu

An kama na farko. Da `gc.get_referrers` na bi igiyar baya-baya: hoto yana hannun taga, taga tana hannun wani metod, metod ɗin yana cikin wani jeri, jerin na `Sanarwa` ne, ita kuwa `Sanarwa` guda ɗaya ce tana nan tun buɗe manhaja har rufe ta.

```
class Sanarwa:
    def __init__(self):
        self.masu_sauraro = []

    def yi_rajista(self, aiki):
        self.masu_sauraro.append(aiki)
```

Kowace taga tana kiran `sanarwa.yi_rajista(self.sabunta)` don ta ji in an sauya fayil. To `self.sabunta` ba aikin kaɗai ba ne, yana ɗauke da tagar kanta a cikin `__self__`. `destroy()` yana rushe abin da ke kan allo a ɓangaren Tk, injin da ke ƙarƙashin Tkinter, amma abin Python yana nan daram muddin jerin yana riƙe da shi. Har ma ana ci gaba da kiran matattun tagogin a kowace sanarwa, suna jefa `TclError` mai cewa `invalid command name`, wani `try` yana haɗiye kuskuren ba wanda ya ji.

Hanya biyu ce. Ko kowace taga ta cire sunanta lokacin rufewa, ko `Sanarwa` ta daina riƙe su da ƙarfi. Taga na rufuwa ta maɓallin kusurwa, ta Escape, da kuma in an sauya folda, gobe kuma wata hanyar za ta ƙaru a manta da ita. Ban da haka, `Sanarwa` ba ita ce mai tagogin ba, ba ta da dalilin tsawaita ransu. Na zaɓi riƙo mai rauni.

`weakref.ref(self.sabunta)` ya mutu tun kafin layin ya ƙare. Dalili: duk lokacin da ka rubuta `t.sabunta`, Python sabon abu yake haɗawa na wucin gadi, shi ya sa `t.sabunta is t.sabunta` ke ba da `False`. Ba mai riƙe da shi sai riƙo mai raunin da ka yi masa, don haka ya tafi. Maganinsa `weakref.WeakMethod`, wanda ya shigo a Python 3.4: yana riƙe taga daban, aiki daban, ya sake haɗa su in ka kira shi, ko ya ba ka `None` in tagar ta mutu. Wajen aika sanarwa sai na kwafi jerin tukuna, na zagaya kwafin, na zubar da waɗanda suka dawo da `None`.

Ƙidaya yanzu: tagogi 0, hotuna 20. Akwai mai riƙo na biyu.

13 ga Fabrairu

An gudu ba a tsira ba. Layin ƙasa mai nuna sunan fayil da girmansa ya daina sauyawa. Ba kuskure, ba gargaɗi, shiru kawai. Shi da `lambda`, wato ƙaramin aiki marar suna, ya yi rajista, na kuma bar `Sanarwa` ta riƙe duk abin da ba metod ba da `weakref.ref`. `lambda` ɗin da aka rubuta a cikin baka ba ta da wani mai riƙo, rajistar na ƙarewa ta mutu.

Wannan ya fi yoyon muni a wurina. Yoyo ana ganinsa a ma'auni. Mai sauraron da ya ɓace sai wani ya lura cewa abu bai motsa ba. Yanzu `yi_rajista` tana ƙin duk abin da ba metod na wani abu ba, ta jefa `TypeError` tun a wurin rajistar. Wanda ke son ƙarin bayani ya rubuta ƙaramin metod.

Masu rubuta Swift ta ɗaya gefen suke warware ta: ana riƙe aikin da ƙarfi, a rubuta `[weak self]` a cikinsa don shi aikin ya riƙe mai shi da rauni. Ana iya haka a Python, amma sai kowane mai rajista ya tuna da kansa. Gara doka ɗaya a bakin ƙofa.

17 ga Fabrairu

Na biyu shi ne rumbun hotuna, `dict` mai haɗa hanyar fayil da hotonsa don kada a karanta abu ɗaya sau biyu. Ana zubawa, ba a taɓa ɗebewa. Na mayar da shi `WeakValueDictionary`, ƙidaya ta faɗo 0 da 0. Murnar ba ta daɗe ba, abu biyu suka lalace.

Na farko, ƙananan hotunan gefe duk suka zama fanko. Wannan tsohon tarkon Tkinter ne. In ka ba `Label` hoto, sunansa kawai Tk ke ajiyewa, irin su `pyimage1`. Ba ya ƙara wa abin Python ƙidaya. `PhotoImage` na mutuwa sai ya goge hoton daga Tk, wurin ya zama fari. Ashe tsohon rumbun ne ke riƙe su da rai ba tare da an ɗora masa aikin ba. Yanzu kowane `Label` yana riƙe nasa hoton a matsayin kayansa, wanda dama shi ne daidai: mai nuna abu shi ya kamata ya riƙe shi.

Na biyu, komawa hoton baya ya yi nauyi. Kana barin hoto ƙidayarsa ta kai sifili, ya fita daga rumbu a take, in ka dawo sai an sake karanta shi an warware JPEG ɗin daga farko. Rumbun da ba ya riƙe komai sai abin da wani ke riƙe da shi bai rage wa kowa aiki ba.

Sabon tsari hawa biyu ne. Sama akwai `OrderedDict` mai riƙo da ƙarfi, iyakarsa megabayit 400, wato manyan hotuna 8. In ya cika a fitar da wanda aka fi daɗewa ba a taɓa ba. Ƙasa akwai `WeakValueDictionary`, amfaninsa ɗaya: in an fitar da hoto daga sama alhali wata taga na nuna shi, a same shi a nan, kada a loda na biyu.

Java tana da `SoftReference` tun fitowa ta 1.2 a 1998, riƙon da ake barinsa sai memori ya matse, kuma an yi alkawarin share shi kafin a jefa `OutOfMemoryError`. Python ba shi da irinsa, ban kuma yi kewarsa ba. Na fi son iyakar da na rubuta da hannuna, na san adadinta.

Ƙaramin abu mai muhimmanci: ba a tambayar rumbu mai rauni "akwai?" sannan a dawo a ce "ba ni". Tsakanin layin biyu abin zai iya mutuwa. A kira `get` sau ɗaya, a riƙe abin da ya dawo, sannan a duba ko `None` ne.

21 ga Fabrairu

Mayar da loda ƙananan hotuna zuwa zaren aiki na bayan fage, mai gudu a gefe guda da babban aiki. Fuska ta daina daskarewa in an buɗe babbar folda.

24 ga Fabrairu

Ƙidayar hotuna ta sake tashi. `functools.lru_cache` ne a kan metod ɗin da ke rage girman hoto. Yana ajiye duk abin da aka miƙa wa aikin a matsayin makulli, `self` kuwa shi ne na farko. Rumbun nasa na ajin ne gaba ɗaya, ba na kowane hoto ba, iyakarsa in ba a faɗa ba 128. Hoto 128 sau megabayit 48 ya haura gigabayit 6. Na cire shi, sakamakon ya koma cikin hoton kansa, su mutu tare.

A hanya na ci karo da wani: jerin kurakurai yana ajiye kuskuren kansa, ba rubutunsa ba. Kuskure yana ɗauke da `__traceback__`, shi kuma yana riƙe da duk abubuwan da ke cikin ayyukan da aka ratsa, har da hoton da ake kan gyarawa. Yanzu `traceback.format_exc()` kawai ake ajiyewa.

28 ga Fabrairu

Allura ta tono garma. Hoton da aka duba kawai yana mutuwa lafiya, wanda aka gyara ko sau ɗaya ne ba ya mutuwa.

Tarihin gyara, wanda ke ba da damar janye abin da aka yi, yana cikin `WeakKeyDictionary`: makulli hoto, abin ajiya tarihinsa. A takarda ya yi kyau, hoto ya mutu tarihinsa ya bi shi. Amma makullin kaɗai ake riƙewa da rauni, abin ajiyar da ƙarfi ake riƙe shi. Kowane mataki a tarihin kuma yana da `self.hoto` don ya san abin da zai janye. Sai igiyar ta zama: rumbu yana riƙe tarihi, tarihi yana riƙe mataki, mataki yana riƙe hoto. Makullin ba zai mutu ba saboda abin da aka ajiye a ƙarƙashinsa, abin ajiyar ba zai fita ba sai makullin ya mutu. `gc.collect()` ba abin da zai yi, domin a idonsa duk ana iya kai musu daga abu mai rai.

Ba Python kaɗai ba ne. Bayanin `WeakHashMap` na Java ya yi gargaɗi a kan wannan daidai. Maganinsa na asali shi ne abin da ake kira ifemeron, wanda George Bosworth ya ƙirƙira, Barry Hayes ya gabatar a taron OOPSLA na 1997. Mai kwashe shara ba ya bin abin ajiyar sai ya fara tabbatar da cewa ana kai wa makullin ta wata hanya dabam. In abin ajiyar ne kaɗai ke kai wa gare shi, duka biyun shara ne. `WeakMap` na JavaScript haka yake aiki, haka tebura masu raunin makulli a Lua tun 5.2, haka `ConditionalWeakTable` na .NET. Ana buƙatar haɗin kan mai kwashe sharar kansa, ba abin da za ka haɗa da `weakref` a yammaci ɗaya ba ne.

Na rushe rumbun, tarihi ya koma `hoto.tarihi`. Yanzu hoto da tarihinsa suna riƙe da juna, amma ba wani na waje da ke riƙe su. Gwaji ya dawo 0.

3 ga Maris

Gwaji yana cewa 0, manhajar a hannu tana cewa a'a. Memori yana sauka, amma a makare, a lokacin da ya ga dama. `TclError` ɗin matattun tagogi ma ya dawo, tunda na cire `try` ɗin da ke ɓoye shi. Bambancin layi ɗaya ne: gwajin yana kiran `gc.collect()`, mai amfani ba ya kira.

Ƙidayar masu riƙo ba ta iya rushe abubuwa biyu masu riƙe da juna, ko da duniya ta manta da su, kowanne yana da ɗaya. Shi ya sa aka ƙara mai kwashe irin wannan sharar a Python 2.0. A 3.11 `gc.get_threshold()` yana ba da 700, 10, 10, na rukunai uku da ake raba abubuwa gwargwadon tsufansu: ana duba sababbin abubuwa in waɗanda aka ƙirƙira sun zarce waɗanda aka rushe da 700, ana duba rukuni na biyu bayan zagaye 10 na farko, haka na uku. Ga tsofaffi kuma akwai ƙarin sharaɗi, ba a yin cikakken zagaye sai waɗanda suka shigo rukunin tun zagayen baya sun haura kwata na waɗanda ke ciki. Duk wannan ƙirgen abubuwa ne, ba bayit ba. Hoton megabayit 48 da ƙaramin jeri duk ɗaya-ɗaya ne a wurinsa. Hoton da aka daɗe ana kallo ya tsufa, ya shiga rukuni na uku, inda ba a cika leƙawa ba.

Na hoto da tarihi ya zo da sauƙi. Mataki ya daina ajiye hoto, ana miƙa masa lokacin janyewa: `mataki.janye(hoto)`. Ba zoben riƙon juna, ba buƙatar rauni ma.

Na taga ya fi wuya. Taga tana riƙe maɓallanta, kowane maɓalli yana riƙe tagar a `master`. `destroy()` yana cire ta daga `children` na uwarta, amma wannan zoben na ciki yana nan. Ke nan akwai tazara tsakanin rufe taga da mutuwarta, a cikin tazarar kuma `WeakMethod` yana ganin ta da rai yana kiran ta. Raunin riƙo yana amsa tambayar "abin yana cikin memori?", ni kuwa abin da nake son sani shi ne "tagar a buɗe take?". Tambaya biyu ne daban.

Don haka hanyar da na ƙi ranar 10 ga Fabrairu ta shigo ita ma. An ɗaura aiki a kan `<Destroy>`, wanda Tk ke aikowa ko ta wace hanya aka rufe: ya cire rajista, ya sa `self.hoto = None`. Sai an duba cewa tagar ce ta aiko ba ɗaya daga cikin 'ya'yanta ba, domin a `Toplevel` kowane ɗa da aka rushe yana tayar da wannan ɗaurin. Nauyin yana tafiya nan take, ɓawon tagar ya jira mai kwashe shara. `WeakMethod` na bar shi don ranar da wani ya manta.

7 ga Maris

Bayanan kowane fayil sun koma `dataclass(slots=True)` don rage nauyi a manyan folda. Ma'auni ya faɗi da `TypeError: cannot create weak reference`. Ajin da ke da `__slots__` ba shi da gurbin `__weakref__` sai an nema. A 3.11 an ƙara `weakref_slot=True`; kuɗinsa bayit 8 a kan kowane abu a na'ura mai bit 64. Na biya.

Don gaba: `list` da `dict` ba sa karɓar riƙo mai rauni sai an gaje su a sabon aji, `tuple` da `int` kuwa ko an gaje su ba sa karɓa.

11 ga Maris

Kowane gyara yana ajiye kwafin wucin gadi a faifai, dole a goge shi in hoto ya tafi. Na yi amfani da `weakref.finalize`, ana ba shi hoto, aikin gogewa da hanyar fayil. Sharaɗinsa: kada aikin ko kayan da aka miƙa masa su riƙe hoton, in ba haka ba an koma matsalar 28 ga Fabrairu da sabuwar riga. Shi ya sa aikin gogewar yake waje da ajin, hanyar fayil kawai yake karɓa.

Matsalar da ta ci rana ita ce zare. Aikin ƙarshen yana gudu ne a duk zaren da ya saki riƙon ƙarshe, ko wanda mai kwashe shara ya tashi a cikinsa. Wani lokaci zaren bayan fage ne, ga shi aikin yana taɓa layin ƙasa na Tk don ya rage adadin fayilolin wucin gadi. Taɓa Tk daga wani zaren ba abin dogaro ba ne, kuma aikin na iya faɗowa a tsakiyar wani aiki da ke riƙe da makullin hana zaruruwa shiga tare. Yanzu ba ya yin komai sai jefa hanyar fayil cikin `queue.SimpleQueue`, wanda bayanin Python ya ce `put` ɗinsa ya dace da irin wannan wurin. Babban zare yana ɗebewa da `after`, mai sa Tk ya gudanar da aiki bayan ɗan lokaci. Kusan tsarin `ReferenceQueue` na Java ke nan, kuma na gane dalilin da ya sa masu Java suka yi watsi da nasu `finalize()` tun Java 9, suka kawo `Cleaner`, a Java 18 kuma suka sa wa `finalize()` alamar cirewa.

`weakref.finalize` yana gudu in an rufe manhaja lafiya, ba ya gudu in an kashe ta da ƙarfi ko wuta ta ɗauke. Za a share ragowar a buɗewa ta gaba.

15 ga Maris

Gwaji ya rabu biyu. Na farko yana gudu da `gc.disable()`: bayan rufe taga dole hotuna su zama 0 ba tare da mai kwashe shara ba. Na biyu yana kiran `gc.collect()`: dole tagogi ma su zama 0. Duka sun wuce, da gyara da babu gyara. Na farkon na CPython ne kaɗai. PyPy, wani nau'in Python dabam, ba ya ƙidayar masu riƙo, a can riƙo mai rauni yana iya daɗewa da rai bayan an saki abin, don haka na sa a tsallake shi in ba CPython ba.

Saura a mako mai zuwa: ayyukan `after` da ba su riga sun gudu ba suna riƙe da tagarsu, sai an ajiye lambarsu a soke su da `after_cancel` wajen rufewa. Layin jiran zaren bayan fage yana riƙe bayanan tsohuwar folda bayan an sauya, sai an zubar da shi. Iyakar megabayit 400 za ta koma saiti. Sharar fayilolin wucin gadi a farkon buɗewa ba a rubuta ta ba tukuna.